Mu San Gizagizai, Mu San Halin Mako Mai Zuwa

Masu iya magana sun ce: watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Idan wannan lokaci ya zo, idon kowa yana gabas. Shamuwa ta dawo ta yi sheƙa, gawo ya fara zubar da ganye, zafi ya tsananta har dare ba a samun barci.

A irin wannan lokaci tambaya ɗaya ce a ran magidanci: in shuka yanzu ko in dakata? Irin da ke hannunsa tiya kaɗan ne, tun kaka yake tattalinsa. In ya yi gaggawa ya shuka bayan ɗan yayyafi, ruwa ya ɗauke, iri ya tsiro ya ƙone. In ya yi jinkiri da yawa, damana ta tafi hatsi bai nuna ba. Wanda ya taɓa sake shuka har sau uku ya san tsadar wannan tambaya.

Ba mai iya saukar da ruwan sama, ba kuma mai iya riƙe shi. Amma ana iya sanin alamunsa. Yau za mu yi bayanin ire-iren gizagizai. Za mu kuma ga yadda ake haɗa abin da ido ya gani da abin da ma'aikatan yanayi ke faɗa a rediyo, domin a tsara aikin kwana bakwai masu zuwa.

ƘASARMU DA RUWANTA

Imanan tana cikin gundumar Filinge, a jihar Tillaberi. Babban garinta shi ne Bonkuku, a kan hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Baleyara ta nufi Filinge. Ƙasar tana cikin kwarin Dallol Boso. Wannan kwari tsohuwar hanyar kogi ce, shi ya sa ruwan rijiya bai yi nisa ba a cikinsa. Da wannan ruwa ne mutanen Bonkuku ke noman dankalin Turawa da rani, har sunan garin ya kai kasuwannin Yamai.

Amma hatsi da wake da ke kan jigawa ba su da wata rijiya sai sama. Ruwan da muke samu a shekara wajen milimita 400 ne. Wata shekara ya fi haka, wata shekara ya kasa ƙwarai. Kusan dukansa yana sauka cikin wata uku zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba.

Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. A 2004 ƙarancin ruwa ya haɗu da fara, aka shiga matsalar abinci a 2005. Yanzu kuma wata damuwa ta ƙaru, wato ruwa mai yawa a lokaci ɗaya. A damanar 2024 ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar, ta kuma shafi fiye da mutum miliyan ɗaya. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu tsanani sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Ke nan lura da sama ya zama wajibi, ko don gudun fari ko don gudun ambaliya.

ISKA BIYU MASU MULKIN SHEKARA

Iska biyu ne ke karɓa-karɓa a ƙasarmu. Ta farko ita ce iskar hunturu. Tana fitowa daga arewa maso gabas, ta ratso hamada, ba laima a cikinta. Ita ke kawo ɗari da hazo. Mafi yawan ƙurar da take ɗaukowa daga wani kwari take da ake kira Bodele, a ƙasar Cadi.

Ta biyu ita ce iskar damana. Tana fitowa daga kudu maso yamma, daga tekun Atlantika, ɗauke da laima. Duk ruwan da zai sauka a gonarka, wannan iska ce ta kawo tururinsa.

Akwai iyaka inda iskar biyu ke haɗuwa. Da bazara iyakar tana matsowa arewa sannu a hankali. Tana wuce mu wajen watan Mayu, ta kai can cikin hamada a watan Agusta, sa'an nan ta koma kudu a watan Oktoba. Abin lura shi ne, ruwa mai kyau ba ya sauka daidai kan iyakar. Yana sauka ne a bayanta, nesa da ita ta wajen kudu. Saboda haka ranar da iska ta juya ba ita ce ranar shuka ba. Sau da yawa sai an yi makonni kafin ruwan shuka ya zo.

Ga alamun da ke nuna iskar damana ta zauna:

1. Iska tana fitowa daga kudu maso yamma kwanaki a jere, ba ta komawa gabas da rana.
2. Gumi ba ya bushewa a jiki da sauri.
3. Ruwan randa ya rage sanyi, gishiri ya fara yin danshi.
4. Ana samun raɓa a kan ciyawa da safe.

YADDA GIRGIJE KE HAƊUWA

Kowace mace ta san abin da ke faruwa in ta buɗe tukunya mai tafasa. Tururi ya taɓa murfi mai sanyi, ya zama ɗigon ruwa. Haka abin yake a sama. Rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi da laima ta tashi. Duk sa'ad da ta ƙara hawa, sai ta ƙara sanyi. In ta kai wani tsawo, tururin cikinta ya koma ƴan mitsi-mitsin ɗigo. Tarin waɗannan ɗigo shi ne girgije. In ɗigon suka haɗu suka yi nauyi, sai su faɗo, shi ne ruwan sama.

Saboda haka abu biyu ake bukata: laima, da abin da zai tura iska sama. In ɗaya ya rasa, ba ruwa.

GIZAGIZAI IRI GOMA

Wani Bature na ƙasar Ingila mai suna Luke Howard shi ya raɗa wa gizagizai sunayen da duniya ke aiki da su, a rubutun da ya fitar a 1803. Yau Hukumar Yanayi ta Duniya ta kasa su iri goma. Ga sunayensu, tare da kwatanci na Hausa domin sauƙin tunawa.

Na can sama, fiye da kilomita 6. Sanyin wurin ya sa ƙanƙara ce zalla a cikinsu. Ba su ba da ruwa.

1. Sirus: farare, sirara, kamar gashin wutsiyar doki. Da rani ba su nufin kome. Da damana, in suka yi kauri daga gabas da yamma, wataƙila gefen babban hadari ne da ke nesa.
2. Sirokumulus: ƙanana ƙwarai, a jere kamar ɓawon kifi.
3. Sirositiratus: kamar farin mayafi marar kauri. Shi ke sa a ga zobe kewaye da wata, a ce wata ya yi sansani. Yana nuna akwai laima can sama, amma bai zama alkawarin ruwa ba.

Na tsakiya, daga kilomita 2 zuwa wajen 7.

4. Altokumulus: kamar garken tumaki a kwance. In ka gan su da safe suna fitar da ƙananan kawuna sama kamar hasumiya, ga zafi ga gumi, ana iya samun hadari a ranar.
5. Altositiratus: shimfiɗa mai launin toka. Ana ganin rana ta bayansa dishi-dishi. Sau da yawa shi ke saura bayan hadari ya wuce, yana yayyafi.
6. Nimbositiratus: baƙi-baƙi, mai kauri, ya rufe sama duka. Ruwansa a hankali yake sauka, yana daɗewa. Shi ne girgijen marka. A wajenmu ba a cika ganinsa ba sai cikin Agusta. Ruwansa ya fi kowane shiga ƙasa.

Na ƙasa-ƙasa, waɗanda gindinsu bai kai kilomita 2 ba.

7. Sitiratus: kamar tabarmar toka, kusa da ƙasa. Ana ganinsa da sassafe bayan ruwan dare, ya watse da hantsi.
8. Sitiratokumulus: dunƙule-dunƙule a jere kamar kunyoyin gona. Ruwansa bai wuce yayyafi ba.
9. Kumulus: fari fat kamar tarin kaɗa, gindinsa a baje, kansa a dunƙule.
10. Kumulonimbus: shi ne hadari. Gindinsa baƙi ne, kansa yana kai kilomita 15 ko fiye, ya baje a sama kamar uwar maƙera. Shi ke da walƙiya, da tsawa, da iska mai ƙarfi, wani lokaci har da ƙanƙara.

Cikin goman nan, na tara ya fi cancanta manomi ya sa wa ido. In kumulus ya fito da hantsi ya tsaya ƙarami, faɗinsa ya fi tsawonsa, har la'asar bai girma ba, to, ranar ba ta ruwa ba ce. In kuwa tun kafin azahar ya fara tsawo, yana tasowa kamar hasumiya, gindinsa yana duhu, to, yana kan hanyar zama hadari.

A kula kuma da abu biyu masu ruɗin ido. Na ɗaya shi ne hazo. Hazo ƙura ce, ba shi da gefe, ba shi da siffa, yana mai da rana ja ko fara. Na biyu shi ne ruwan da ke rataye. A farkon damana za ka ga zare-zare na saukowa daga gindin girgije, amma ba su kai ƙasa ba. Ruwa ne na gaske, sai dai busasshiyar iska ta shanye shi a hanya. Irin wannan hadari ƙura kawai yake kawowa.

DON ME HADARI KE FITOWA DAGA GABAS?

Mun ce laima daga kudu maso yamma take zuwa. To, me ya sa hadari ke fitowa daga gabas? Dalili shi ne iskar damana a ƙasa-ƙasa take tafiya. A samanta, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma. Ita ke kora hadari.

Manyan hadura sukan haɗu da yamma a inda akwai duwatsu, kamar duwatsun Ayar a jihar Agadas da tsaunukan Jos a Nijeriya. Daga nan su jeru su yi layi mai tsawon ɗaruruwan kilomita. Layin yana tafiya yamma da gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa ɗaya. Hadarin da ya haɗu wajen Ayar da la'asar yana iya iso mu cikin dare ko da asuba. Shi ya sa ruwan dare ya yawaita a ƙasarmu. Mafi yawan ruwan da muke samu a shekara daga irin wannan hadari yake fitowa.

Tafiyarsa tana da tsari. Da farko iska ta tsaya cik, zafi ya ƙaru. Sai a hango jan bango na ƙura a gabas. Sai iska mai sanyi da ƙarfi ta buga. Bayanta ruwa kamar da bakin ƙwarya, na rabin awa zuwa awa ɗaya. Daga ƙarshe yayyafi ya biyo baya, yana iya ɗaukar awa biyu ko uku.

Ga wata dabara mai sauƙi. Tawa tana gabas da mu, tsakaninmu ya fi kilomita 200. Dogon Dutsi kuma wajen kilomita 100 ne. In ɗan'uwanka na Tawa ya kira ka a salula ya ce babban hadari ya wuce su, kana da wajen awa huɗu. In daga wajen Dogon Dutsi ne, kana da wajen awa biyu. Hadarin yana iya mutuwa a hanya ko ya kauce. Duk da haka lokacin ya isa a kwashe shanya, a kira yara daga daji, a ɗaure bisashe.

A tsakiyar damana irin wannan tashin hadari yakan zo bayan kowane kwana uku zuwa biyar. Ke nan mako mai kyau yana samun ruwa sau ɗaya ko sau biyu.

MASU HASASHEN YANAYI DA MAGANARSU

A Yamai akwai ma'aikatar kula da yanayi ta ƙasa, wadda aka fi sani da Meteyo. A nan kuma cibiyar AGRHYMET take, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, domin ƙasashen Sahel. Akwai kuma cibiyar ACMAD mai yi wa Afirka duka aiki. Suna karɓar awo daga tashoshin gundumomi. Suna kuma duba hotunan tauraron ɗan Adam mai suna Meteosat, wanda aka harba na farkonsa a 1977. Yana aiko hoton gizagizan Afirka kowane minti 15 ko ƙasa da haka.

Bayaninsu iri uku ne:

1. Na kullum: yana faɗin halin yau da gobe da jibi. Shi ya fi zama daidai. Ana jin sa a Muryar Sahel da rediyoyin karkara.
2. Na kwana goma-goma: yana faɗin ruwan da aka samu, da halin shuka da makiyaya, da abin da ake sa rai a gaba. A tambayi malamin gona.
3. Na damana duka: yana fitowa kafin damana, wajen Afrilu ko Mayu. Yana faɗin ko ana sa ran ruwa zai zo da wuri ko a makare, mai yawa ko kaɗan.

Sai mu fahimci maganarsu da kyau. In sun ce za a yi ruwa a arewacin jihar Tillaberi, ba su ce kowane ƙauye zai samu ba. Tun daga 1990 masana suka kafa ma'aunan ruwa kimanin ɗari a kewayen Yamai. Sun tarar ƙauyuka biyu da ke kusa da juna suna iya samun ruwa mai bambanci ƙwarai a shekara ɗaya. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suke raba gonakinsu wuri-wuri. Haka kuma hasashen kwana na shida da na bakwai bai kai na gobe ƙarfi ba. Don haka a saurara kowace rana, kada a tsaya ga abin da aka ji ranar kasuwar da ta wuce.

Rediyo yana faɗa maka halin yanki. Idonka yana faɗa maka halin gonarka. Sai an haɗa su biyu.

MU AUNA RUWA KAFIN MU SHUKA

Mene ne milimita? In aka ce an yi ruwa milimita 1, ana nufin lita 1 ta zuba a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. Milimita 20 kuwa bido ɗaya ne mai lita 20 a kan wannan ɗan fili. A hekta ɗaya, tano dubu ke nan masu cin lita 200.

A 1988 wani masani mai suna Sivakumar, na cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kudu da Yamai, ya fitar da ƙa'idar farkon damana. Ya ce damana ta kama in an samu milimita 20 cikin kwana uku a jere, bayan 1 ga Mayu, kuma ba a yi fiye da kwana bakwai ba ruwa ba cikin kwana 30 da suka biyo. Rabin farko na ƙa'idar kai za ka auna shi. Rabi na biyu shi ne inda rediyo da alamun iska za su taimake ka.

Kowa na iya yin ma'auni a gida. Nemi gwangwani wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, kamar babban gwangwanin tumatir. Cire murfin duka. Ɗaure shi a tsaye kan turke mai tsawon mita ɗaya, nesa da itace da bango. Kowace safiya ka tsoma busasshen tsinke, ka gwada wurin da ya jiƙe da abin awo na ƴan makaranta. Santimita 2 shi ne milimita 20. Rubuta, sa'an nan ka zubar da ruwan.

In ba gwangwani, tona ƙasar gona da hannu washegarin ruwa. In danshi ya kai kusan taƙi ɗaya, ruwan shuka ne. In bai wuce yatsa biyu ko uku ba, a dakata.

Masu yin binne su san haɗarinsa. Ƙaramin ruwa yana iya sa iri ya tsiro, sa'an nan rana ta kashe shi. Kada a binne iri duka. A rage na sake shuka. In damana ta makara, a nemi iri mai saurin nuna, kamar hatsin HKP na cibiyar INRAN, wanda ke nuna cikin kwana 80 zuwa 90.

AIKIN GONA BISA HALIN MAKO

In ana sa ran ruwa cikin kwana ɗaya ko biyu:
- Kada a yi feshin magani, ruwa zai wanke shi, kuɗi ya tafi banza.
- Kada a watsa takin zamani a kan ƙasa gab da babban ruwa, zai bi ruwan ya tafi.
- A gyara tassa da rabin wata a kan faƙo, domin su tare ruwa.
- Da kaka a kwashe wake da harawa da dammunan hatsi, a ɗora su kan abin da ya ɗaga daga ƙasa.

In ana sa ran kwanaki ba ruwa:
- Lokacin noma ke nan. Ciyawar da aka nome da rana mai zafi tana mutuwa, ba ta sake kamawa.
- Kada a sa taki a busasshiyar ƙasa kusa da ƙaramin hatsi, yana iya ƙona shi.
- A riƙa duba gona, domin tsutsa da ɗan fara sun fi ɓarna in shuka ta galabaita.

In ana sa ran iska mai ƙarfi: rairayin da take kwasowa yana yanke ƙaramin hatsi ko ya binne shi. Karan da aka bari kwance a gona, da sabara da sauran itatuwan da aka bari suka sake tofo, suna rage ƙarfinta.

SAMA DA LAFIYAR IYALI

Tsawa. Haske ya fi ƙara sauri. In ka ga walƙiya, fara ƙirga daƙiƙa har ka ji ƙara. Kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In ba ka kai 30 ba, tsawa tana iya kai wa gare ka. Shiga ɗaki. Kada ka fake gindin itace da ke tsaye shi kaɗai, kada ka tsaya kan tudu ko cikin tabki, ka ajiye hauya. Kada makiyayi ya tara bisashe gindin itace ɗaya. A jira minti 30 bayan ƙarar ƙarshe kafin a fito. Wanda tsawa ta faɗa wa ba ya riƙe wuta a jikinsa. Ana iya taɓa shi nan take. A gaggauta kai shi likita, kada a ɓata lokaci.

Ƙorama. Ruwa yana iya sauka kan tudu nesa, ƙorama ta cika alhali ko ɗigo bai sauka a garinku ba. Kada a ratsa ruwa mai gudu da ƙafa ko da amalanke. A hana yara wasa cikin ƙorama in an ga hadari, ko da daga nesa ne.

Ɗaki. Kafin marka a yi yaɓe, a gyara indararo, a buɗe hanyar ruwa. In bango ya tsage ko gindinsa ya jiƙe, kada a kwana kusa da shi.

Sauro. Cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan sauro yake zama sauro mai cizo. Ke nan ruwan da ya kwanta wannan mako, sauron mako mai zuwa ne. A cike ramuka, a kife tsofaffin gwangwanaye. Kowa ya kwana cikin sange, tun ba yara da mata masu ciki ba. Daga Yuli zuwa Oktoba ana raba wa yara masu wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin masassara. Sau ɗaya ne a wata, ana sha kwana uku a jere. A cika kwana ukun. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi likita a ranar.

Zawo. Ruwan sama yana kwashe ƙazanta ya zuba a rijiyar da ba ta da baki mai tsawo. A kwarin Dallol, inda ruwa ke kusa, a ƙara kula. A tafasa ruwan sha ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa. In yaro ya kamu da zawo, a dama ƙunshi ɗaya na gishirin zawo cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi, a ci gaba da ba shi nono.

Hazo da zafi. Sanƙarau ya fi yaɗuwa lokacin ƙura da zafi, daga Janairu zuwa Mayu. A 2010 gundumar Filinge tana cikin wuraren farko da aka fara sabuwar allurar sanƙarau mai suna MenAfriVac. Amma cutar iri-iri ce. A 2015 wani irinta ya kama mutum fiye da 8000 a Nijar, ya kashe fiye da 500. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba abin jira ba ne. In rediyo ya ce ƙura na tafe, a rufe hanci da rawani ko mayafi, a tsare yara da masu asma a ɗaki. Ranakun tsananin zafi a yawaita ba tsofaffi da yara ruwa, ko ba su nema ba.

LITTAFIN KWANA BAKWAI

Nemi ƙaramin littafi. A kowane shafi ka ja layi bakwai, daga Lahadi zuwa Asabar. Kowace rana ka rubuta abu huɗu:

1. Daga ina iska ta fito da safe?
2. Wane girgije ka gani da hantsi, wane ka gani da la'asar?
3. Me rediyo ya ce?
4. Milimita nawa ka samu a gwangwani?

Aikin bai fi minti biyar ba. Bayan mako biyu ko uku za ka fara gane alamar da ke cika alkawari a garinku da wadda ke ruɗi. In mutum biyar ko goma a gari suna yin haka, su haɗu ranar kasuwa su gwada abin da suka rubuta. Su kuma nuna wa malamin gona. A haɗa da dattawan da suka san halin shamuwa da tururuwa da itatuwa, domin saninsu na shekaru ne masu yawa.

Abin da za a riƙe a taƙaice: a duba iska da safe, a duba kumulus da hantsi, a duba gabas da la'asar, a saurari rediyo da dare. Kada a zuba iri duka sai ruwa ya kai milimita 20. In an ji tsawa a shiga ɗaki. In ruwa ya kwanta a ɗaura sange.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kai mu kaka lafiya.